Ranar da Bebiya Ta Yi Magana

A zamanin da ƙasar Jamus take rarrabe, kowane tudu da sarkinsa, akwai wani birni a bakin Kogin Sulba da ake kira Eshenfurt. Sarautar wannan birni ba gadonta ake yi ba. Dattawan babbar majami'a ne suke zama su zaɓi ɗan babban gida, su naɗa shi bishof, su danƙa masa sanda a hannu ɗaya, takobi a ɗaya hannun. Shi ne liman, shi ne sarki. In ka kuɓuce masa a coci, ka tarar da shi a fada.

Wanda yake kan karaga a lokacin shi ne Bishof Otmar, ɗan gidan Arnshelm. Dogo ne, mai sanƙo, mai yawan dariya, kuma tun yana yaro ba a taɓa gaya masa magana ya haɗiye ba, sai ya mayar. Ya daɗe yana mulki lafiya har gemunsa ya yi fari, sai sabuwar koyarwa ta shigo ƙasar, wadda ake kiran masu binta 'yan Furotesta. Cewa suke a karanta wa talaka Littafi da harshen da uwarsa ta rarrashe shi da shi, kuma ba Paparoma na Rum ne yake riƙe da mabuɗin aljanna ba. Aka kawo wa Otmar littattafansu don ya ƙona. Ya ce to, bari ya duba abin da zai ƙona tukuna. Dubawar nan ita ce ta tafi da shi. Ran babban idi ya hau mumbari ya yi wa'azi da Jamusanci tsantsa, sa'an nan ya ɗauki ƙoƙon jibin Ubangiji, wanda tun kaka da kakanni limamai kaɗai suke sha, ya miƙa wa wata mai sayar da kabeji. Ta sha, ta share bakinta da gefen mayafi. Kafin la'asar gari ya ɗauka.

Duk fadar ba wanda abin ya ƙona wa rai kamar Madawaki Ekhard, shugaban mayaƙan Eshenfurt. Uwar Ekhard ce ta shayar da Otmar yana jariri, nono ɗaya suka sha, har in babu kowa a wurin, Bishof yakan kira shi Yaya. Ekhard bai ga laifin da addinin iyayensa ya yi masa ba, balle ya sake shi da tsufa. Limaminsa kuma ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa duk wanda ya zare takobi don kare ɗan bidi'a, wuta ɗaya za su shiga. Maganar ta zauna masa a ƙirji. Amma ya riga ya durƙusa tun ranar naɗi, ya sa tafukansa cikin tafukan Otmar, ya yi rantsuwa irin ta ƙasar: "Ni naka ne har Bebiya ta yi magana."

Bebiya wata ƙatuwar ƙararrawa ce a hasumiyar majami'a. Ba a kaɗa ta don idi, ba a kaɗa ta don gobara, sai ran da bishof ya mutu. Da ta yi ƙara, duk rantsuwar da aka yi masa ta kwance, kuma duk mahayin da ya ji ta, ko ina yake, sai ya sauka daga doki ya tuɓe kwalkwali. A rufe ƙofofin gari, ba shiga ba fita, har dattawa su zaɓi sabo. Sau ɗaya Ekhard ya taɓa jin muryarta, yana saurayi, ran da tsohon bishof ya faɗo daga doki a wajen farauta. Yana cikin waɗanda suka ɗauko makarar. Ya ga yadda Babban Dattijon majami'a na lokacin ya tare ta a bakin ƙofa, ya kira mamacin da sunansa har sau uku bai amsa ba, ya zare masa zobe, ya karya sandarsa, sa'an nan aka bar makarar ta wuce ita da duk masu rakiyarta. Mutanen nan da al'ada, sai dai a bar su. Sun gwammace a cire musu haƙori da a taɓa ta.

Ƙanƙara ta fara narkewa ke nan wani manzo ya iso. Aka tara majalisa, Bishof a kan karaga, Madawaki a damansa, dattawan majami'a a jere da baƙaƙen alkyabbu, barade da masu ƙasa sun cika zauren. Manzon ya tsaya bai durƙusa ba.

Ya ce, "Saƙon ubangijina Yarima Lambret, mai ƙasar Holdenak, mai riƙe da tutar Kaisar sarkin sarakunan Jamus, zuwa ga Otmar na Arnshelm, wanda a da ake kira bishof. Paparoma ya yanke ka daga jikin ikilisiya, Kaisar ya janye inuwarsa daga kanka. Ka ajiye sanda da zobe, ka fita da doki ɗaya da bara ɗaya, ba mai taɓa ka. In ka ƙi, rundunarmu tana bayan tudun can. Za mu ƙetare Sulba mu ɗora ƙanen Yarima a kujerar da kake kai."

Otmar ya dube shi ya ce, "An ba ka abinci?"

Manzo ya ɗan daburce, ya ce a'a.

"A ba shi. Ka gaya wa Yarima na gode da dokin, amma ina da nawa. Abin da na karanta na riga na karanta, ba ni da dabarar mayar da shi cikin littafi. Sanda kuwa ba shi ya ba ni ba."

Da aka fita da manzo, Ekhard ya miƙe. "Allah ya ja zamaninka, ganuwarmu ba a taɓa cin ta ba. Rumbunanmu cike suke. Sojojin Yarima na haya ne, ba za su jure zaman bakin ganuwa ba. Mu rufe ƙofa mu bar su su ci laka har su gaji. Shawarata ke nan, ba ni da wata."

Sai Babban Dattijo Gotshalk ya gyara murya. Shi ne shugaban masu zaɓen bishof, siririn tsoho mai magana ƙasa-ƙasa, wanda bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga sabuwar koyarwa ba. Kowa ya zaci zai ce a miƙa wuya.

Ya ce, "Uban ƙasa, ka san ni da kai ba hanya ɗaya muke bi zuwa ga Allah ba. Amma Eshenfurt uwarmu ce duka. In muka ɓuya bayan ganuwa, ƙauyuka za su ci wuta, a sare gonakin inabi, talakan da ka shayar da hannunka ya kwana a daji. Makiyayi ba ya shiga ɗaki ya bar kura da garke. Ka fita, ka fita da kanka, mayaƙa su ga fuskarka. Mu tsofaffi mu tsare maka gari da addu'a."

Zauren ya ɗauki guna-gunin yarda. Ekhard ya dubi tsohon nan da kyau. Ruwa ba ya tsami banza, amma ya rasa inda zai kama maganar, don ba ƙarya a cikinta ko ɗaya. Otmar ya buga hannun karaga ya ce yau Gotshalk ya yi wa'azin da ya fi nasa, gobe da sassafe a ɗaura sirdi.

Ana watsewa, Gotshalk ya tsaya a soro yana gyara takalmi har Madawaki ya zo wucewa.

"Madawaki, ina tausayinka," in ji shi. "Mutumin kirki irinka, an ɗaure shi da igiyar da take jan sa wuta."

"Ni na ɗaure kaina, Dattijo."

"Haka ne. Amma kowace igiya da ranar kwancewarta. In ranar ta zo, ba abin da ake nema a wurinka. Ka tsaya cik kawai."

Ekhard ya ɗauka maganar tsofaffi ce, ta mutuwa da hisabi, ya yi masa sallama ya wuce. Ga mutumin da ya iya karanta sawun doki a kan dutse, amma sawun mutum ya shige masa duhu.

Da safe runduna ta taru a dandalin majami'a. Ekhard yana duba ɗamarar dawakai sai ya hangi mutum biyu suna shiga ƙofar hasumiya da nannauyar igiya a kafaɗa, sabuwa fil. Ya matsa kusa da Bishof ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, ana sa wa Bebiya sabuwar igiya ran da za ka fita yaƙi. Ban so wannan alama ba."

Otmar ya kwashe da dariya. "Yaya, ta da ɗin ai ɓeraye sun cinye ta tun ina da gashi. Bar su su yi tanadi, dattawa ne, aikinsu ke nan. Ni dai ban yi niyyar ba su aiki yau ba."

Ya sa kwalkwali, ya rataya alkyabbar bishof a kan sulke, aka ɗaura masa sandarsa a jikin sirdi yadda aka saba, aka busa ƙaho.

Mashigin Sulba ba shi da nisa da gari, daga can ana hango kan hasumiya. Kogin ya fara cika da ruwan ƙanƙara, ya kai ƙirjin doki. Shirin fagen fama kuwa, nan Ekhard ya fi gwaninta. Ya ɓoye 'yan bindiga cikin itatuwan bakin gaɓa, ya ba Barde Kuno, wani jarumi mai jan gemu, reshen hagu, shi da Bishof suka tsaya a tsakiya. Ya ce kada wanda ya motsa sai rabin abokan gaba sun shiga ruwa. Suka kuwa shigo, da tutoci da ganguna, suna taƙama. Da na gaba suka fara hawan gaɓa jiƙe sharkaf, Ekhard ya ɗaga takobi. Bindigogi suka tashi, barade suka sauko daga tudu. Kai, an yi ɓarna a wurin nan. Doki ya hau doki, masu sulke suka riƙa nutsewa da nauyin ƙarfensu, na baya suna turo na gaba, na gaba suna neman hanyar komawa. Kafin rana ta take tsaka tutar Holdenak ta fara ja da baya. Otmar yana ta ihu yana kiran mayaƙa da sunayensu ɗaya ɗaya, har da na iyayensu.

Sai Bebiya ta yi magana.

Ba ƙara ce mai kaifi ba. Wani gurnani ne mai nauyi, wanda mutum yake fara ji a ƙirji kafin ya kai kunne. Ya gangaro daga gari, ya bi kan ruwa, ya sake zuwa. Samarin da ba su taɓa jin ta ba ma sun gane ta. Takubba suka tsaya a sama. Daga wannan gefe zuwa wancan, mayaƙan Eshenfurt suka ja linzami, suka fara sauka daga dawakai suna tuɓe kwalkwali, a tsakiyar fagen fama, nasara tana hannunsu. Ba wanda ya umarce su. Haka iyayensu suka yi, haka aka gaya musu tun suna goye.

Su kuwa sojojin haya daga nesa suka zo, ba ruwansu da wata Bebiya. Yarima Lambret ma ashe ita yake jira. Gangunansa suka juya kiɗa, masu gudu suka juyo. Ekhard yana kallo Barde Kuno ya durƙusa da kwalkwali a hannu yana yi wa Bishof addu'a, don ya zaci ya mutu, wani ya zo ta baya ya sauke masa gatari.

Abin kunya, shi kansa Madawaki da ya duba ƙasa sai ya ga ƙafarsa ta dama ta riga ta fita daga likkafa. Sabo turken wawa. Ga Bishof a gefensa da ransa, numfashinsa yana fita ta ramukan kwalkwali, amma ƙafar ta ji ƙararrawa ta bi. Nan take maganar soro ta dawo masa. Ka tsaya cik kawai. Ashe igiyar da ake nufi ke nan. Kuma gaskiya ce, ta kwance. Ba rantsuwa a wuyansa, ba wuta a gabansa, abin da ya daɗe yana roƙo a ɓoye ya samu.

Otmar ya ga ƙafar. Dariyar nan tasa ta ɗauke. Ya ce, "Sauka, Yaya. Al'ada ce. Ka yi mini abin da ya wuce rantsuwa, ba zan riƙe ka da komai ba."

Ekhard bai ji sanyin da ya zaci zai ji ba. Fushi ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Wato tsohon nan ya auna shi ya gama, ya sa shi cikin kayan aikinsa tun jiya, ya tabbata zai tsaya yana kallo a yanka ɗan da uwarsa ta goya. Ya mayar da ƙafa cikin likkafa da ƙarfi har dokin ya zabura.

"Kawo kanka nan," in ji shi.

Ya fizge igiyar kwalkwalin Bishof, ya tumɓuke shi ya jefar a ruwa. Sanƙon nan da duk ƙasar ta sani ya fito fili, rana tana dukansa. Ekhard ya kama linzamin dokin Otmar ya ja shi suka bi gaban sahu da sukuwa, kibau suna wuce su.

"Ku ɗaga ido, mutanen Eshenfurt! Gawa tana hawan doki? Ga shi nan da ransa. Ku hau!"

Waɗanda suka gani suka hau. Ba duka ba, amma sun isa. Suka sake dannawa da haushin mutanen da aka yi wa wayo, suka mayar da sojojin haya cikin kogi. Ruwan kuma yana ta ƙaruwa tun safe, har ya fara ɗaukar doki da mahayinsa. Dole Yarima ya busa ƙahon janyewa, ya kafa sansani a wancan ƙetare yana jiran ruwa ya sauka.

Ba a kai ga murna ba sai masu ƙasa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya rusuna da ladabi ya ce, ranka ya daɗe, mun ga kana raye, Allah ya ƙara lafiya, amma Bebiya ta yi magana, ba mu da hurumin zare takobi sai an yi sabon naɗi. Suka kwashi mutanensu suka nufi gidajensu. Aka bar Otmar da 'yan gari da raunana, ga Yarima a baya, ga rufaffiyar ƙofa a gaba. Gaba kura, baya siyaki.

Otmar ya zauna a kan wani kututture yana share jini a goshi. "Gotshalk ya iya wa'azi," in ji shi. "Gobe ruwa zai sauka, tsohon ya buɗe wa ƙanen Yarima ƙofa da sunan sabon bishof. To, Madawaki, ko in ce Ekhard, tunda yanzu ba ni da Madawaki. Me ka gani?"

Ekhard yana duban hasumiya. Can ya ce, "Akwai abu ɗaya da ake buɗe wa ƙofar nan. Na taɓa ɗaukarsa."

Sai Otmar ya gane. "Makara."

"Sun ce ka mutu. Sai mu kai musu gawarsu. Amma ka ji sauran, don ba kyauta ba ce. Za ka kwanta ba sulke, fuska a buɗe, ga 'yan baka a kan ganuwa. Zai kira ka sau uku. In ka amsa, rayayye ne kai, rayayye kuwa ba ya shiga. In ka yi shiru, zai zare zoben, ya karya sandar a gaban jama'a, kuma ba mai mayar maka da su har abada. Za ka shiga garin, amma ba bishof ne zai shiga ba." Ya dube shi. "Kuma ni tun da nake ban taɓa ganin an gaya maka magana ka yi shiru ba."

Otmar ya daɗe yana juya zoben a yatsa. Tun yana da ƙuruciya yake sanye da shi, har naman yatsan ya yi masa gurbi. Ya ce, "Na sha hawa mumbari ina cewa ba zobe ne yake kai mutum ga Allah ba. Yau za a ga ko da gaske nake. Ku haɗa masu da garkuwoyi a yi makarar."

Aka haɗa masu, aka shimfiɗa garkuwoyi, aka tuɓe masa sulke aka lulluɓe shi da alkyabbarsa, sanda a kan ƙirji. Ekhard ya ɗauki gefen kai. Sauran runduna suka biyo a ƙasa, kai ba hula, suna jan dawakai, masu a kife. Da la'asar suka iso ƙofar gari. Ganuwa ta cika maƙil da mutane, mata suna kuka, don su har ga Allah sun ɗauka ya mutu. Ekhard yana ganin bakunan da aka ɗana a sama. Kibiya ɗaya ta isa ta mai da ƙarya gaskiya, kuma shi ya kawo shawarar.

Gotshalk ya leƙo daga saman ƙofa. Ido ɗaya ya yi wa makarar ya ga ƙirjin yana hawa yana sauka.

"Madawaki," in ji shi, "wasan me ke nan? Wanda Rum ta yanke matacce ne a wurin Allah, shi ya sa muka kaɗa Bebiya. Ba mu ce a kawo mana shi ba."

Ekhard ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Allah ya ba Babban Dattijo haƙuri. Mu jahilai ne, ba mu san mutuwa iri biyu ba. Kun kaɗa, mun ji, mun ɗauko. Tun da aka gina ganuwar nan ba a taɓa barin makarar bishof ta kwana a waje ba. Ko a kanka za a fara?"

Ganuwa ta ɗauki hayaniya. Masu kuka suka daina, suka fara leƙe. Wata murya ta ce a buɗe, wasu suka amsa, har 'yan bakan suka sassauta tsarkiya suna duban juna. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Gotshalk da al'ada ya kama gari, ba shi da bakin da zai ce a take ta. Amma tsohon bai karaya ba, don ya san mutumin da yake kwance. Ya sa aka buɗe ƙofa, ya sauko a hankali, ya tsaya a kan dokin ƙofa.

"Otmar na Arnshelm," ya kira da ƙarfi. Sa'an nan ya sunkuya ya ƙara da ƙaramar murya, wadda Ekhard kaɗai ya ji ban da mai kwance. "Ɗan manyan gida, kwance a kan garkuwa kamar buhun hatsi. Da ubanka ya ga wannan rana."

Shiru.

"Otmar na Arnshelm." Ya sake sunkuyawa. "Barde Kuno ya mutu saboda kai. Gobe matarsa za ta tambayi wanda ya jawo."

Makarar ta motsa a kafaɗar Ekhard. Ya ji jikin Otmar yana rawa ta cikin sandunan masu, ya ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya kai bakinsa kusa da kunnen nan, kamar mai gyara riƙo, ya ce abin da uwarsa takan ce musu suna yara in sun ƙi barci: "Kwanta, ɗan nema, gari bai waye ba."

"Otmar na Arnshelm," karo na uku. Wannan karon Gotshalk bai rage murya ba. "In abin da ka koya wa mutanen nan gaskiya ne, buɗe baki ka faɗa a gabansu. In ka yi shiru, ka yarda ƙarya ce."

Ekhard ya rufe ido. Ya san wannan kam ba za ta wuce ba. Ya ji numfashin Otmar ya shiga, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Sai ya fita a hankali, ba kalma a cikinsa.

Gotshalk ya kama yatsan. Zoben ya ƙi fita, sai da ya murɗa har fata ta saluɓe. Ya ɗauki sandar ya karya a gwiwa, ƙarar ta kai har kan ganuwa. Daga nan ba abin da ya rage masa sai ya kauce. Makara ta wuce, masu rakiya suka bi ta, mutum da doki, har na ƙarshe, aka mayar da ƙofa aka sa sakata.

A tsakiyar dandali suka sauke ta. Otmar ya tashi zaune, ya yaye alkyabbar ya bar ta a kan garkuwoyi, ya miƙe da 'yar rigar ciki, yatsa yana ɗigar jini.

Ya ce, "Jama'ar Eshenfurt, Bebiya ba ta yi ƙarya ba. Bishof ya mutu, kun ga an karya sandarsa. Wanda ya rage Otmar ne, ba zobe, ba karaga, ba wanda yake da rantsuwata a wuya. Abin da na koya muku ina nan a kansa. Gobe Yarima zai zo ƙofar nan. In kun ga ku buɗe masa, garinku ne."

Ba wanda ya motsa. Ba ƙinsa suke yi ba, al'ada ce ba ta gaya musu abin da ake yi wa gawar da ta tashi ba, kowa yana jiran ya ga na gaba. Gotshalk ya fara gyara alkyabba, ya buɗe baki zai yi magana.

Ekhard ya riga shi. Ya tako, gwiwoyinsa na tsufa suna ƙara, ya durƙusa a kan duwatsun dandali, ya haɗa tafukansa ya miƙa. Duk garin ya san wannan mutum bai bar tsohon addini ba, ya kuma san yau ɗin nan aka kwance shi.

"Ƙoƙon nan naka dai ba zan sha ba," in ji shi.

"Ban ce ka sha ba, Yaya." A gaban kowa ya faɗa. Ya rufe tafukan da nasa, jinin yatsan ya shafi hannun Ekhard. "Har yaushe? Bebiya ta riga ta yi magana."

Ekhard ya nuna makarar da haɓa. "Har ran da za ka ɗauki gefen kan tawa makarar."

Mai sayar da kabeji ce ta fara durƙusawa a bayansa, sai 'yan baka suka sauko daga ganuwa, sai dandalin duka. Da Ekhard ya miƙe ya waiwaya, Babban Dattijo yana tsaye shi kaɗai da guntayen sanda a hannu, ya rasa inda zai ajiye su.

Washegari ruwa ya sauka. Yarima Lambret ya ƙetaro da ƙanensa cikin sabuwar alkyabba, ya tsaya a ƙofar da aka yi masa alkawari, ya sa aka busa ƙaho. Ƙofa ba ta motsa ba. Da ya ɗaga kai, bakunan bindiga ya gani a jere, da wani sanƙo yana ƙyalli a tsakiyarsu, da Madawaki Ekhard a damansa yana naɗe sabuwar igiyar Bebiya a hannu.